Gani Ya Kori Ji? Amanar Masu Nuna Mana Tarihin Mulkin Mallaka a Talabijin

 

Daren Asabar ɗin da ta wuce, bayan an fito sallar Isha'i, muna zaune wajen mai shayi a nan Sabo sai muka ga samari sun yi wa waya ɗaya rumfa. Wani shirin tarihi suke kallo, irin wanda ake yi kashi-kashi, a kan yadda Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa. Dawaki na sukuwa, ƙura ta turnuƙe, bindiga na tashi, ga wata murya mai nauyi tana bayani. Da aka gama, wani matashi da ke karatu a jami'a ya juya wajen wani dattijo mai sana'ar goro ya ce, "Baba, kun dai gani da idonku ko? Ai gani ya kori ji."

Dattijon ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, wa ya riƙe kyamara ranar da aka ci Kano?"

Aka yi tsit.

Ya ce, "To waɗancan mahayan da ka gani 'yan wasa ne, biyansu aka yi, aka naɗa musu rawani."

Yaron ya ce, "Ke nan ƙarya ce, Baba?"

Ya ce, "Ni ban ce ƙarya ce ba. Cewa na yi, in an auno maka hatsi, kafin ka yi godiya ka dubi mudun, ka dubi hannun mai awon."

Tun daren nan maganar take mana yawo a rai, shi ya sa muka kawo ta wannan shafi. Tambayar ita ce: mutumin da ya ɗauki nauyin shirya wa jama'a tarihin mulkin mallaka a talabijin, me ke wuyansa? Wane haƙƙi matattu ke binsa, wane haƙƙi masu rai ke binsa? Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne. 'Ya'yanmu da aka haifa a kurmi, da yawansu ba su taɓa ganin ganuwar Kano ba, ba su zauna gaban kakanni sun ji labarin zuwan Nasara ba. An kuma yi shekaru darasin tarihi ba ya cikin manhajar ƙananan makarantu kafin a dawo da shi. Abin da yaro ya sani game da kakansa yau, galibi a allon waya ya gan shi. Wanda ya shirya wannan allo kuwa ya zama malamin ɗanka, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Yadda ake dafa irin wannan shiri

Kafin mu yi hukunci, bari mu leƙa madafa. Abu na farko kuɗi ne. Shiri mai kashi takwas ko tara yana cin shekaru, da tafiye-tafiye ƙasa-ƙasa, da ma'aikata masu yawa. Dole wani ya biya, kuma mai biya yana da abin da yake son ji. A 1986 Farfesa Ali Mazrui, masani Musulmi ɗan Mombasa ta ƙasar Kenya, ya fito da shirinsa mai kashi tara, The Africans, inda ya nuna cewa Afirka gado uku ta ci: na gargajiya, na Musulunci, da na Turai. BBC da wata tashar Amurka ne suka shirya shi, tare da haɗin gwiwar hukumar talabijin ta Najeriya. Wata hukumar gwamnatin Amurka ta zuba kusan dala 600,000 a ciki. Da shugabar hukumar, Lynne Cheney, ta ga yadda shirin ya caccaki Turawan Yamma, sai ta yi tir da shi, ta sa aka cire sunan hukumar daga jerin waɗanda suka tallafa. Mazrui bai janye ba. Amma mai shiri nawa ne zai iya jure fushin wanda ya ciyar da shi?

Abu na biyu hotuna ne. Talabijin ba ta rayuwa sai da abin kallo, tsofaffin hotunan zamanin mulkin mallaka kuwa kusan duk masu mulkin ne suka ɗauke su. Dattawanmu suna tuna majigi, motar da ke zuwa gari da dare ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, ta nuna yadda ake tsabtace rijiya da yadda ake noman auduga. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashe na musamman don yin irin waɗannan finafinai. Aikinsu su nuna cewa mulkin alheri ne.

Ga misali daga nan kudu. A 1949 aka yi wani fim mai suna Daybreak in Udi, a ƙasar Ibo kusa da Inugu, a kan yadda mutanen ƙauye suka gina ɗakin haihuwa da taimakon Di'o Bature. Di'on da kansa ya fito a ciki. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a Amurka a 1950. A wannan shekara ta 1949 ɗin dai, ranar 18 ga Nuwamba, 'yan sandan gwamnatin mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal da ke yajin aiki a Iva Valley, nan Inugu, suka kashe mutum 21. Ɗakin haihuwar ya zaga duniya a allo. Labarin mahaƙan kuwa ya zauna a bakin iyalansu da shafukan jarida da rahoton kwamitin bincike. To mai shiri na yau da ya shiga ma'ajiya neman hoto mai motsi, wanne zai fi samu? In bai yi hattara ba, sai ya wayi gari yana ba da labari da idon wanda ya yi mulkin, alhali yana zaton adalci yake yi.

Abu na uku takardu ne. Lokacin da Ingila ke tattara kayanta, an ƙone takardu masu yawa a ƙasashe daban-daban, wasu kuma aka kwashe su a ɓoye. Sai a 2011, da wasu tsofaffin Kenya da aka azabtar zamanin Mau Mau suka kai ƙara kotu a Landan, gwamnati ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayiloli daga ƙasashe 37 a wani wuri da ake kira Hanslope Park. A 2013 ta yarda ta biya fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228. Duk shirin da aka yi kafin nan, komai kyawun niyyar mai shi, an yi shi ne ba tare da waɗannan takardu ba.

Abu na huɗu shaidu ne. A 1985 tashar Granada ta Ingila ta yi shiri mai kashi 14, End of Empire, ta zaunar da tsofaffin jami'an mulki da 'yan gwagwarmayar neman 'yanci tun suna da rai, kowa ya faɗi nasa. Wannan dama ta wuce. Wanda ya ga faɗuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ko ta Sakkwato ranar 15 ga Maris, ko ya tsaya a Burmi ranar 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mabiyansa, babu ko ɗaya da ya rage. Saura jikoki da abin da aka gaya musu, da waƙoƙi, da wasiƙun ajami.

Abu na biyar, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne yanka. Za a ɗauki magana ta awa hamsin, a fitar da awa ɗaya. Tsoho zai yi bayani na rabin yini, a ɗauki daƙiƙa arba'in. A ɗora kiɗa mai sa kuka a nan, a ɗora mai sa alfahari a can. Mai kallo yana ganin abin da aka bari, ba ya ganin abin da aka zubar a ƙasa. A nan ne amana take, domin mutum yana iya yaudarar al'umma guda ba tare da ya faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba.

Dillali tsakanin matattu da masu rai

Mu 'yan kasuwa ne, mun san wannan ciwo. Mun san huhun goron da aka jera manya farare a sama, aka cusa masu tsutsa a ƙasa. Wanda ya ɗaure huhun bai ce komai ba, amma ya ci amana. Mun san dillalin da zai yabi ƙahon sa da tozonsa, ya yi shiru a kan ƙafar da ke ɗingishi. Kowa ya san hukuncin ɓoye aibin kaya a ciniki, ba sai mun tsaya bayani ba.

A ganinmu mai shirin tarihi dillali ne. A gefe ɗaya ga matattu, waɗanda ba za su tashi su ce "ba haka aka yi ba". A ɗaya gefen ga masu kallo, waɗanda ba su da halin zuwa Landan ko Kaduna su buɗe fayil. Duka ɓangarorin sun dogara da shi, kuma babu mai iya kama shi nan take. Dillalin kara in ya yi cuta, kafin sati ya zagayo an gane. Dillalin tarihi in ya yi, sai a yi shekara talatin yara na maimaita abin da ya faɗa.

Magabata sun san haɗarin nan tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya lissafa hanyoyin da ƙarya ke shiga tarihi. Daga ciki akwai son rai ga wani ɓangare, da yarda da mai kawo labari ba tare da bincike ba, da neman shiga wajen masu mulki ta hanyar yabo. Malaman hadisi kuma sun kafa ilimi sukutum a kan tambaya ɗaya: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa? Abin da muke nema ga mai shiri bai wuce wannan ba. Ya nuna mana isnadinsa. In hoton na majigin gwamnati ne, ya faɗa. In 'yan wasa ne suka kwaikwaya, ya rubuta a allo. In masana sun saɓa a kan adadin waɗanda suka mutu, ya ce sun saɓa. In takardun an ƙone su, ya ce an ƙone, kada ya cike gurbin da zato ya kira shi tarihi.

Zancen "a faɗi alheri, a faɗi sharri"

Akwai masu cewa adalci shi ne a raba shiri biyu daidai: rabi kisa da zalunci, rabi jirgin ƙasa da asibiti da makaranta, sai mai kallo ya auna da kansa. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta da bai kamata mu musa ba. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. A kansa shanu suka riƙa gangarowa kudu, goro yana hawa arewa, kuma wannan ciniki ne ya raya unguwar da muke zaune a ciki, wadda aka kafa a 1916. Shirin da ya ce babu wanda ya amfana da komai ya yi ƙarya, mu kanmu shaida ne.

Amma a duba da kyau. An shimfiɗa dogon ne da farko don a kwashe gyaɗa da auduga da kuza zuwa bakin teku. Da harajin talakawa da guminsu aka yi shi, da yawa kuma ba da son ransu suka je aikin ba. Tsofaffi na tuna ɗiban gwamna, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka riƙa kwasar mutane daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. In mutum ya shigo gidanka da bindiga, ya zauna shekara sittin, ya gina rijiya da kuɗinka don ya shayar da dokinsa, gaskiya ne bayan tafiyarsa kana shan ruwan. Sai dai babu alƙalin da zai ce rijiyar ta biya diyyar ɗanka da ya kashe a ƙofar gida. Ran mutum da tsawon dogo ba a mudu ɗaya ake auna su ba. Saboda haka mai shiri ya faɗi rijiyar, ya faɗi kisan, ya faɗi wanda ya biya kuɗin ginin, amma kada ya ɗora su a sikeli ɗaya ya ce sun yi kunnen doki. Wannan ba adalci ba ne, tauye mudu ne da aka yi wa ado.

Laifi tudu ne

Yanzu mun zo inda maganar ta fi ɗaci, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In muna neman Bature mai shiri ya faɗi abin kunyar kakanninsa, to mu fa? In ɗanmu ne ya riƙe kyamarar, za mu yarda ya faɗi namu?

A 1863 wani jami'in Ingila a Ikko, John Glover, ya tara wata 'yar runduna, yawancinsu bayi ne 'yan arewa da suka gudu daga iyayengijinsu. Har yau ana kiransu Hausawan Glover, kuma daga cikin tushen sojan Najeriya ake lissafa su. Sojojin da ake kira Hausawa sun yi wa Ingila yaƙi a ƙasar Ashanti, sun kasance cikin rundunar da ta ci Ijebu a 1892, a nan kusa da mu. Gaskiya ne ba duk Hausawa ba ne na asali, domin Turawa kan kira duk sojan da ke jin Hausa da wannan suna. Gaskiya ne kuma da yawansu neman tsira daga bauta ya kai su. Amma sun je, sun harba. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano a 1903 ma, hafsoshin ne Turawa, masu riƙe da bindigogin baƙaƙe ne, Hausawa da Yarbawa da sauransu. A Satiru kusa da Sakkwato, a 1906, da talakawa suka yi bore, an kashe kimanin mutum 2,000, aka share garin daga doron ƙasa, kuma mahukuntan Sakkwato na lokacin sun mara wa Turawa baya.

Sai zancen bauta. Kafin zuwan Turawa ana kai hari ana kama mutane, ana sayar da su a kasuwanninmu. Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya daga ƙasar Zazzau da aka rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kama 'yan gidansu, aka sha wahalar fansa. Turawa sun fake da hana cinikin bayi don su halatta mamayarsu, amma su ɗin ma ba su soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Duka biyun gaskiya ne, kuma shirin kirki dole ya ɗauke su tare.

Me ya sa muka dage a kan wannan? Domin shirin da ya nuna kakanninmu duk waliyyai, Turawa duk shaiɗanu, daɗin kallo gare shi amma ba ya koyar da komai. Yaron da ya kalle shi ba zai fahimci yadda 'yan Turawa ƙalilan suka mallaki miliyoyin mutane ba. Amsar kuwa tana cikin abin da aka ɓoye masa: rarrabuwar kai, da zaluncin cikin gida da ya sa wasu suka ga baƙo ya fi musu na gida, da masu neman sarauta da suka sayar da 'yan'uwansu. Waɗannan cututtuka ba su tafi tare da Gwamna ba. Wanda aka ɓoye wa sunan cutar kakansa, ta yaya zai gane ta in ta kama shi?

Wa ya cancanci ya ba da labarin?

Wasu matasanmu na cewa Bature ba shi da bakin magana a tarihinmu. Mun fahimci zafin, amma ba mu tafi a kan haka ba. Basil Davidson Baturen Ingila ne, kuma shirinsa mai kashi takwas na 1984 ya yi aiki babba wajen rusa ƙaryar cewa Afirka ba ta da tarihi kafin zuwan Turawa. Har Kano ya je ya nuna fada da tsarin sarauta. A ɗaya hannun, ɗan gida ma yana iya zama maroƙi, ya yi shiri don ya faranta wa mai sarauta ko ɗan siyasar da ya biya. Launin fata ba ya ba mutum amana, ba ya kuma hana shi.

Duk da haka mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai bambanci tsakanin shirin da ya sa jikokin waɗanda abin ya shafa su zama ado a bayan mai gabatarwa, da wanda ya ba su kujera suka yi magana da harshensu. A 2020 an fitar da African Apocalypse, inda wani matashi ɗan Ingila mai tushen Najeriya, Femi Nylander, ya bi sawun rundunar Kyaftin Voulet na Faransa, wadda ta ratsa ƙasar Hausa ta Nijar a 1899 tana ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Abin da ya fi ratsa zuciya a fim ɗin shi ne mutanen garuruwan da kansu, suna faɗa da Hausa abin da kakanninsu suka gaya musu. Fiye da shekara ɗari labarin na nan a bakinsu, ba a dai zo an tambaye su ba ne.

Mu mazauna wannan gari muna da abin tunawa a nan. A Ibadan aka buɗe tashar talabijin ta farko a Najeriya, ranar 31 ga Oktoba 1959. A jami'ar garin nan Farfesa Kenneth Dike da abokan aikinsa suka dage cewa abin da tsofaffi suka riƙe a ka hujja ce a tarihi, kuma shi ne ya jagoranci kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, wadda ke da gini a harabar jami'ar, da wasu a Kaduna da Inugu. Ƙofar ba ta da nisa da mu. Mu nawa muka taɓa tura ɗanmu ya leƙa?

A bar kaza cikin gashinta?

Akwai wata magana da dattawa masu hankali ke yi, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa mu baƙi ne a ƙasar mutane, zaman lafiya muke nema. In aka fara tono wa ya yi wa Bature soja, wa ya ci garin wa, wa ya sayar da wa, ba za a tayar da ƙura ba? Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, yadda ƙaramar rigima ta zama gobara da asarar rayuka, ba zai raina wannan tsoro ba.

Amsarmu ita ce, kazar an riga an fige ta. Labaran nan suna yawo a waya dare da rana, guntu-guntu, a hannun waɗanda ke neman a yi faɗa. Kowane ɓangare ana nuna masa rabin da zai sa ya tsani maƙwabcinsa. Shirun mutanen kirki ba ya kashe irin wannan, fili yake ba shi. Maganin rabin labari shi ne cikakkensa. Shirin da ya nuna cewa an yi amfani da sojan arewa a ci kudu, aka yi amfani da na kudu a ci arewa, cewa mahaƙin Inugu da mahaƙin Jos uwar wahala ɗaya suka sha, wannan yana kashe wuta ne. Sharaɗin dai shi ne mai shiri ya ambaci wanda ya yi laifi da sunansa da zamaninsa, kada ya shafa wa ƙabila guda baƙin fenti. Jika ba ya ɗaukar zunubin kaka. Abin da ke kansa shi ne kada ya musa, kada kuma ya maimaita.

Abin da ya rage gare mu

Yawancinmu ba za mu taɓa shirya fim ba, amma duk muna kallo, kuma mai saye ma yana da nasa nauyin. In kun zauna kallon irin wannan shiri da iyali, ku saba wa yara da tambayoyin nan: wa ya biya kuɗinsa? Hoton nan wa ya ɗauka, don me? Wa aka bari ya yi magana, wa aka yi magana a kansa kawai? Me aka tsallake? Kada a tura guntun bidiyo gaba don kawai ya yi daidai da abin da zuciya ke so. Wanda ya yaɗa ya shiga cikin isnadi, za a kuma tambaye shi.

Sannan akwai aikin da babu mai yi mana. A unguwar nan akwai tsofaffin da iyayensu suka zo da ƙafa, ko a taragon shanu, suka ga Di'o da idonsu, suka biya haraji da jangali. Akwai iyaye mata da suka riƙe labaran da ba a taɓa rubutawa ba. Duk wanda aka kai makwanci a cikinsu, an rufe da wani shafi. Wayar da ke aljihun ɗanka ta isa. A zaunar da Baba ko Inna, a nemi izininsu, a bar su su faɗa yadda suka sani, mai daɗi da marar daɗi, kada a gyara musu baki. A rubuta ranar da sunan wanda ya gaya musu. Wata rana in wani ya zo shirya tarihin Hausawan kurmi, zai tarar da muryarmu a ajiye, ba sai ya dogara da fayil ɗin Razdan kaɗai ba.

Shi wancan matashi na wajen mai shayi, mun ji cewa washegari ya koma rumfar dattijon da wayarsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ku ba ni labarin yadda mahaifinku ya zo Badun." Dattijon ya yi dariya ya ce, "Sai ka zo da kujera, domin ba a yanka nawa." An ce sun kai la'asar ba su ƙare ba.

Allah Ya sa mu zama masu faɗin gaskiya ko a kan kanmu ne, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu da zuriyarmu. Amin. Sai wata Juma'ar, in Allah Ya kai mu.